A auna wayar ƙasa kafin a biya ɗan kwangila

Kowace damina, da tsawa ta faɗi, sai a ji ordinata ta ƙone a wani biro, ko na'urar awon jini ta tsaya a wani asibiti. Nan take a ɗora laifi ga kamfanin wuta. Amma sau da yawa ɓarnar tana cikin bangon gininmu.

Wutar gida ta bolt 220 tana bukatar waya uku. Biyu su ke kai wuta da maido ta. Ta ukun, mai launin tsanwa da rawaya, ana haɗa ta da jikin ƙarfe na na'ura, a kai ta ga sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa. In wuta ta yoyo a jikin na'ura, ta wannan hanya take bi, makatsar tsaro ta yanke kuran kafin ya kama mutum. Na'urar kare tsawa ita ma ta nan take zubar da wutar da ta yi yawa. Ba wayar ƙasa, sayenta asarar kuɗi ce.

Ƙa'idar Faransa NF C 15-100, wadda masu aikin wutarmu suka koya, ta ce sandar ta shiga mita 2 aƙalla, kuma turjiyar ƙasa kada ta wuce om 100 a gidan zama. Ga kariyar tsawa kuwa, ƙasa da om 10 ake nema. To, rairayin Damagaram ko na Tawa, in ya bushe da rani, ba ya ɗaukar wuta kamar laka mai danshi. Sanda guda ba ta isa: sai a ƙara zurfi, ko a kafa da yawa a haɗa su. Gishirin da wasu ke zubawa a ramin yana taimakawa na ɗan lokaci, daga baya ya cinye ƙarfen.

Saboda haka muna kira ga hukuma: kada a karɓi ginin gwamnati, kada a biya ɗan kwangila, sai an auna wayar ƙasa da rani, an rubuta adadin a takarda, wanda ya auna ya sa hannu. Kuɗin talakawa ne ke ƙonewa.

Ku kuma ƴan kasuwa, ku tambayi mai aikin wutarku inda ya kafa sandar, ya nuna muku da idonku. Araha ba ta ado.