Wa Ya Ba Su Izinin Kwashe Rumbun Teku?

Can a ƙarshen duniya ta kudu akwai ƙasar da ake kira Antaktika. Ba gari, ba gona, sai ƙanƙara da teku mai tsananin sanyi. A cikin tekun nan akwai wata 'yar halitta mai kama da jatan lande, sunanta kiril, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Yadda gero yake a wurinmu, haka kiril yake a wurin mazaunan tekun. Shi yana cin gansakukar da ke tsirowa cikin ruwa da ƙarƙashin ƙanƙara. Sa'an nan kifaye su ci shi, tsuntsun fengwin ya ci shi, haka kuma sil, wata dabba mai kama da ayu. Har shuɗin wel, wanda ya fi kowace dabba girma a duniya, ba shi da wani tuwo sai wannan ɗan ƙwaro.

Maganata a fili take: manyan jiragen ruwan da ke kwasar kiril suna yin ɓarna, gwamnatocin da ke tsaya musu kuma sun ci amana.

Mu fara da ƙanƙara. Da damina ruwa ke rayar da gonarmu, amma a can ƙanƙarar da ke rufe teku lokacin sanyi ita ce ke rayar da 'ya'yan kiril. A ƙarƙashinta suke ɓuya, a jikinta suke kiwo. To, hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa ya ɗumama duniya, ƙanƙarar tana ja da baya. A watan Fabrairu na 2023 ta ragu har ta kai yadda ba a taɓa gani ba tun da aka soma aunawa da tauraron ɗan adam a 1979. A ƙarshen 2022, a yankin tekun Belinshawsen, ƙanƙara ta farfashe tun 'ya'yan babban fengwin ba su yi gashin da zai tsare su daga ruwa ba. Cikin mazauni biyar da masana suka duba, huɗu sun rasa 'ya'yansu. Rumbun da gara ta riga ta soma ci ke nan, shi ne kuma waɗansu suka zo da buhuna.

Me suke yi da kiril ɗin? Da a ce mayunwata ake ciyarwa, da na yi shiru. Amma yawancinsa niƙa shi ake yi a ba kifin samon da ake kiwo domin teburin masu hali, a zuba a abincin karnuka, ko a tatse mansa a sayar a kwalba. Jiragen Nowe ne kan gaba, na Sin da Koriya ta Kudu suna biye.

Akwai hukumar da aka kafa don tsaron wannan teku, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Kanbera a 1980. Hedkwatarta tana Hobat, a Ostireliya. Ta ƙayyade cewa kada kamu ya wuce tan 620,000 a shekara a yankin da aka fi kamawa, ta kuma sa doka cewa a rarraba kamun, kada a taru wuri ɗaya. A 2024 wakilai suka kasa daidaitawa, dokar rarrabawar ta mutu. Me ya biyo baya? A 2025, karo na fari, jirage suka cika adadin nan kaf, har aka rufe kamu a watan Agusta, lokaci bai yi ba. A hukumar nan, in ƙasa ɗaya ta ƙi, magana ta watse. Da haka Rasha da Sin suka yi shekaru suna hana a keɓe sababbin wuraren da ba a kamu, ko da yake a 2016 kowa ya yarda aka keɓe Tekun Ros. Ashe ba iyawa ce babu ba, niyya ce babu.

Masu jiragen suna da amsa. Sukan ce kiril ya kai ɗaruruwan miliyoyin tan, abin da suke ɗiba ɗan kaɗan ne. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Mutumin da ya kwashe rijiya ɗaya tak da ke ƙauye, ya ce ai Kwara cike take da ruwa, wa zai karɓi wannan hujja? Jiragen ba sa yawo ko'ina cikin teku. Inda kiril ya yi cincirindo suke zuwa, wato daidai inda fengwin da wel suke kiwo. Uwar fengwin mai ɗa a sheƙa ba ta iya yin nisa sosai neman abinci.

Mun kuwa taɓa jin irin wannan zance. A 1904 aka kafa mayankar wel a Giritbiken, a tsibirin Jojiya ta Kudu. A lokacin ma cewa aka yi teku ba ya ƙarewa. Kafin a hana farautar shuɗin wel a shekarun 1960, an kashe fiye da 300,000 a tekunan kudu. Har yau bai farfaɗo sosai ba. Yanzu da waɗansu irin wel suka soma komowa, sai a kwashe abincinsu?

Ga kuma guba. Tun shekarun 1960 aka sami maganin ƙwari na DDT a jikin fengwin, a ƙasar da ba a taɓa yin feshi ba. Iska da ruwa suka kai shi. Ƙaramin abu ya ci kaɗan, babba ya ci ƙanana dubu, gubar ta taru a kitsensa. A ƙarshen duniya ta arewa, mutum ne a saman wannan tsani. A ƙarshen shekarun 1980 likitoci a Kanada suka tarar da gubar masana'antu a nonon matan Inuwit, ninkin abin da ke jikin matan birni, gama abincinsu sil ne da wel. Ba su da masana'anta ko ɗaya. Kukansu ya taimaka aka yi Yarjejeniyar Istokhom a 2001.

Wani zai ce, ina ruwanmu da tsuntsun da ba mu taɓa gani ba? Ɗan'uwa, kasuwar da ke sayen kiril don kiwon kifi, ita ce ta sa aka kafa injinan niƙa kifi a gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya, inda ake mai da sardin, kifin talaka, ya zama garin dabbobi. Wel mai doro da ke zuwa haihuwa a ruwan Gabon da maƙwabtanta, a kudu yake cin kiril ya yi ƙiba. Zafin da ke narkar da ƙanƙara kuma shi ne ke ƙara mana zafin bazara. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka kada mu yi shiru. Afirka ta Kudu da Namibiya suna da kujera a hukumar nan, ya kamata sauran gwamnatocinmu su matsa musu su tsaya a kan a maido da dokar rarraba kamu, a kuma keɓe wuraren kiwon fengwin. Malaman makaranta su koya wa yara cewa teku ɗaya ne. Mu kuma mu daina zuba leda da ragowar maganin feshi a kwata da rafi. Wanda kuma aka kawo masa man kiril a kanti, ya tuna daga bakin wa aka ƙwato shi.