Shekara nawa baƙo zai yi a Kalgo kafin ya zama ɗan gari?

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta ya koma bakin hanyar Kalgo zuwa Bunza, kunnen mutanen Kalgo ya fara sabawa da harsunan da a da sai mutum ya yi tafiya yake jinsu. Mai fili ya yanka ɗakuna ya sa haya. A teburin mai shayi sai ka ji yarinya 'yar Zuru tana cewa, "Baba, a ƙara madara," Bayarabe na gefenta yana ciniki da gurguwar Hausa, ɗan acaba na jiransu duka. Kowa ya samu, babu mai ƙorafi.

Ƙorafin sai ranar da ɗan wanda aka haifa a nan, ya yi firamare a nan, ya je neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Nan za a tambaye shi garin kakansa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, a ƙasar Gwandu ake wannan tambaya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ai ba a Gwandu aka haife shi ba, jihadi ne ya kawo shi, kuma daga wannan gari aka riƙa naɗa sarauta har Nufe da Ilori. Kabawan Kanta sun riga shi zama a ƙasar, an kuma daɗe ana gaba tsakanin Argungu da masu jihadi, har sai da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934, aka yi masa bikin kamun kifi. Zabarmawa da Arawa da Dendawa sun shigo sun zauna, aka yi auratayya, yau wa zai iya tsefe jinin wani? Magabata ba su da ofis, amma suna da dabara: baƙo ya sauka wurin mai unguwa, a ba shi gona, a ba shi mata, jikansa ya tashi ɗan gari. Abin da ya rage na bambanci sai a mayar da shi wasan taubasai, irin na Fulani da Barebari.

Ƙasar Finlan, can arewacin Turai, tana fama da wannan tambaya tun da 'yan Somaliya suka fara isa can a farkon shekarun 1990. Mutanen Finlan ba waliyyai ba ne: a zaɓen 2023 jam'iyyar da ke adawa da shigowar baƙi ta samu kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'u, ta shiga gwamnati, a 2024 kuma aka ƙara wa'adin zama kafin neman zama ɗan ƙasa daga shekara 5 zuwa 8. An tsaurara, gaskiya ne. Amma ko banza baƙo ya san lissafinsa: ya cika shekarun, ya ci jarrabawar harshe, ya nemi takardarsa.

Mu fa? Ɗan Nijeriya ne, a cikin Nijeriya, kuma babu adadin shekarun da za su wanke shi. Na san hujjar masu cewa guraben aiki da na karatu kaɗan ne, idan aka buɗe ƙofa 'ya'yanmu za a bari a baya. Tsoron na da tushe, ban raina shi ba. To, a sa wa'adi. Majalisar dokokin jiha ta ce shekara 15, ko 20, ko haihuwa a gari tare da shaidar hakimi. A yi gardama a kan adadin, a rubuta shi kowa ya gani, a daina barin maganar a hannun wanda ke riƙe da hatimi da kuma wanda ya san shi.