A Raba Kuɗin Ɗanyen Katako Da Na Busasshe

Jama'a 'yan katako da dillalai, a wannan fitowa muna so mu taɓo wata al'ada da ta daɗe a kasuwa, wadda muke ganin lokacin barinta ya yi. Ga falanki biyu, iri ɗaya, tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Ɗaya jiya aka sauke shi daga tirela, ɗayan ya yi wata huɗu a rumfa, amma kuɗinsu ɗaya. Mu dai a ganinmu wannan ba daidai ba ne, kuma daga nan yawancin rigimar kafinta da dillali take tasowa.

Katako mai ƙarfi da ake sayarwa a Na'ibawa ta Kano da sauran kasuwannin Arewa, irin su loko da mahogani da afara, akasarinsa daga kurmin Kudu yake zuwa, wajejen Edo da Ondo da Kuros Riba. Daga bakin zarto sai mota, da ruwansa a jiki. To ruwan nan iri biyu ne. Akwai wanda yake kwance a ramukan itacen kamar ruwa a soso, shi ne yake fara fita, kuma fitarsa ba ta rage girman falanki. Akwai kuma wanda naman itacen ya sha. Sai ruwa ya sauko wajen kashi 30 cikin 100 na nauyin busasshen itacen sannan wannan na biyu yake fara fita, kuma daga nan ne katako yake soma tsukewa.

Katako kuwa bin iska yake yi. In laimar iska ta kai kashi 80, kamar yadda take yawan zama a Kudu, ruwan jikinsa zai tsaya wajen kashi 16, ko shekara nawa ya yi a ajiye. In laima tana kashi 65, zai tsaya wajen 12. A Kano da hunturu laima takan faɗi ƙasa da kashi 20, katako ya gangara har wajen 5 ko 4. Watau ko mai injin yanka ya rantse maka cewa kayansa sun bushe, bai yi ƙarya ba, bushewar garinsu yake nufi. Falanki mai faɗin inci 12 da ya sauko daga 16 zuwa 5 yana iya rasa kwatan inci ko fiye a faɗinsa, gwargwadon irin itacen. A jikin ƙyaure ko kabad ɗin amarya, kwatan inci kafa ce da za a hango haske ta ciki.

Wani zai ce ai shi ke nan, mu da Allah ya ba rana da iskar hunturu, a baje shi a fili kwana goma ya bushe. Nan ne asarar take. Ruwan tsakiyar falanki ba tsalle yake yi ya fito ba, rarrafowa yake yi sannu a hankali daga ciki zuwa baya, kuma ba a iya yi masa gaggawa. In iska ta cika bushewa, bayan falanki zai bushe ya tsuke alhali cikinsa yana nan a kumbure, sai bayan ya ja, cikin ya ƙi, falanki ya tsage. Duk wanda ya taɓa ganin tsire a wuta mai ƙarfi ya san abin da muke faɗa, waje ya ƙone ciki da jini. Shi ya sa manyan masana'antu masu ɗakin busar da katako suke fara sa masa tururi, sa'an nan su riƙa rage laimar kaɗan kaɗan. Su da kuɗinsu suke sayen laimar da mu muke gudu.

Bakin falanki, inda zarto ya datse, yana sakin ruwa kamar ninki goma na gefensa, don haka daga can tsaga take farawa. Kauri kuma ba a yi masa lissafin kai tsaye: katako mai inci 2 ba ninki biyu na lokacin mai inci 1 yake ci ba, yana cin ninki uku zuwa huɗu.

Gyaran ba ya bukatar inji. A jera kaya a inuwa ƙarƙashin rumfa, a ɗaga su daga ƙasa kamar ƙafa ɗaya da rabi saboda danshi da gara. Tsakanin kowane layi a sa busassun sanduna masu kaurin inci 1, tazarar ƙafa 2, kowace a saitin ta ƙasanta, in ba haka ba falanki zai lanƙwashe. A shafa wa baki fenti mai kauri ko kaki tun ranar sauke kaya, a ɗora nauyi a sama. Da hunturu a kare ɓangaren da iska take bugowa da zana ko buhu, musamman makonnin farko, da damina kuwa a buɗe iska ta ratsa. Wanda ba shi da na'urar awon ruwa ya ware falanki ɗaya ya riƙa ɗora shi a sikeli duk mako yana rubutawa. Ranar da nauyi ya daina raguwa, kayan sun daidaita da iskar wurin.

Kada kuma a zarce. Ƙyauren da aka haɗa da katakon da ya ƙeƙashe a watan Fabrairu zai kumbura a Agusta ya ƙi rufuwa. Na kayan ɗaki a Kano muna ganin tsaka-tsaki ya fi, wajen 8 zuwa 10. Na rufin kwano, tu-bai-fo da tu-bai-tu, in ya sauka ƙasa da 20 ya isa, don a nan ruɓa ba ta kama shi.

Mun san abin da masu kaya za su ce, kuma suna da gaskiya: jari ya kwanta wata uku ko huɗu, ga kuɗin rumfa, ga mai gadi, ga tsoron gobara, sa'an nan maƙwabci ya sayar da ɗanye a kuɗi ɗaya ya juya jarinsa sau uku. Wa zai yarda? Ba kowa, muddin kuɗin ɗaya ne. Shi ya sa muka ce a raba. Mai busarwa ya sami ladan haƙurinsa, mai sayen ɗanye kuma ya saya da saninsa, ya je ya jera da kansa. Ɗanye ba haramun ba ne, mai zuba kankare ma shi yake nema don arha. Abin da muke ƙi shi ne a miƙa wa kafinta ɗanye a bar shi yana zaton busasshe ne, bayan wata biyu iyayen amarya su dawo masa da gado yana ƙara, shi kuma ya zo ya riƙe rigar dillali.

Dillalai, ku ne a tsakiya, kuma la'adarku a kan kuɗin kaya take, ke nan in busasshe ya ƙara daraja ba ku yi asara ba. Ku riƙa tambayar ranar da aka sauke kaya, a rubuta ta da alli ko fenti a bakin falanki. Shugabannin 'yan katako su tsayar da wata nawa kaya mai inci 1 da mai inci 2 za su yi a jere kafin a kira su busassu. Mu kuma layin farashin katako a wannan takarda zai ɗauki gida biyu, na ɗanye da na busasshe, duk ranar da masu aiko mana da farashi suka fara aiko shi a rabe.