Awo Ɗaya Ba Ya Isa Hujja: Tsokaci Kan Hawa Da Saukar Jini



Ya 'yan uwana matasa, dalilin wannan rubutu shi ne wani ɗalibina da ya tare ni bayan an tashi daga makaranta, bakinsa har kunne. Ya ce ya saya wa mahaifinsa na'urar awon jini, sun auna da la'asar sun ga 128/80, sai dattijon ya ce ai ya warke, ya ajiye maganinsa. Na yaba masa da kyautata wa mahaifi, sannan na ce ya koma ya lallashi Baba ya ci gaba da sha, domin mai yiwuwa maganin ne ya kawo wannan adadi mai kyau.

Ku sani, Allah Ya yi muku albarka, ƙarfin gudun jini a jijiyoyi ba ya tsayawa wuri guda. A cikin barci yana sauka da kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Daf da farkawa kuwa, jiki yana sakin sinadaran da ke tayar da mutum, zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke, awon ya hau. Wannan na daga cikin abin da ya sa shanyewar ɓarin jiki ta fi aukuwa daga asuba zuwa tsakar rana.

Da rana kuma abubuwa da dama suna motsa shi. Fushi da fargaba suna ɗaga shi nan take. Haka kofi, da shayi mai kauri, da goro, da taba. Sanyin hunturu yana tsuke jijiyoyi, zafi yana buɗe su. Riƙe fitsari, ko surutu ana cikin awo, ko harɗe ƙafa, kowanne yana ƙara adadin. Wani ma ganin likita kawai ke sa jininsa ya hau, in ya koma gida ya sauka.

Saboda haka kuskure biyu nake jiye mana. Na farko, mutum ya ga awo ɗaya ya hau, ya tsorata, ya tafi kemis ya sayi magani ba tare da likita ba. Na biyu ya fi muni: mai hawan jini ya ga awo ɗaya mai kyau ya daina magani, alhali cutar tana cin ƙoda da zuciya a ɓoye. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin manya uku yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba.

To, mene ne abin yi? A auna safe da yamma har kwana 7, a lokaci guda kullum. Na safe a yi shi kafin karin kumallo da shan magani. A guji shayi da goro minti 30 kafin awo, a zauna shiru minti 5, a jingina baya, a ɗora hannu a kan tebur daidai ƙirji. A auna sau biyu, a rubuta, a kai wa likita takardar. A gida, matsakaicin da ya kai 135/85 shi ake ɗauka ya hau. Amma in an ga 180/120 tare da ciwon ƙirji, ko sarƙewar harshe, ko mutuwar hannu, kada a jira gobe, a garzaya asibiti.

Ku kuma da kuke raba dare a kan waya, ƙarancin barci yana hana jini samun wannan sauka ta dare, kuma ƙuruciya ba garkuwa ba ce. Jiki amana ne, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ja kwanan iyayenmu cikin alheri. Wassalam.