Wucin gadin da ya shekara tara

Shekara tara ke nan ina riƙe da alli. Yaran da na fara koya wa baƙaƙe suna shirin jarrabawar birbe, amma ni har yau a takardar gwamnati ɗan kwantiragi ne, wato ma'aikacin wucin gadi. Dan Allah ku gaya mini, wane irin wucin gadi ne ke kai yaro daga ajin fari har bakin lise?

Ajin da ke maƙwabtaka da nawa na wani mushe ne mai lamba. Rumfar zana iri ɗaya, ƙura ɗaya muke shaƙa, ƙarfe takwas duka muke shiga. Ƙarshen wata shi ya ɗauki albashi, ni in zauna jiran abin da suke kira pekil, kuɗin da bai kama ƙafar nasa ba, kuma sai ya ga dama yake zuwa. Ban ƙi shi da nasa ba, wallahi, shi ma ba isarsa yake ba. Amma na je banki neman bashi, aka ce ina lamba? Na je neman aure, kawun yarinya ya ja ni gefe: "Malam, an ba ka lambar kuwa?" Mai kanti ma ya san mu, yana da shafi na musamman don 'yan kwantiragi a littafin bashinsa.

Wannan tsari ba daga sama ya faɗo ba. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, lokacin da Bankin Duniya ke matsa wa ƙasashenmu su rage kuɗin albashi. Aka ce dabara ce ta ɗan lokaci, a samu a buɗa lakwal a karkara. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na soja, dabarar ta zama gida, har malaman kwantiragi suka fi masu lamba yawa a firamare. A 2017 kuma aka tara su aka yi musu jarrabawa, aka sallami da dama. Wanda ya ɗauke su ba horo ya tura su aji, shi wa ya yi masa jarrabawa?

Ba mu kaɗai ba ne. Ku leƙa gidajen likita ku ga ungozomar da ke kwana tana karɓar haihuwa da sunan sa-kai. Ku leƙa ma'aikatun Yamai ku ga mai lisans da ya gama sarbis sibik na shekara biyu, yana ci gaba da zuwa biro kyauta, wai kada a manta da fuskarsa ran da za a ɗauki mutane.

Na san za a ce da babu gara ba daɗi, ga dubban matasa na zaune ba ko kwantiragin. To ai da wannan tsoron ake riƙe mu. Za a ce babu kuɗi. Idan aji na buƙatar malami shekara tara a jere, gurbin na dindindin ne, a sa shi a kasafi kamar yadda ake sa man motocin manya.

Abu biyu nake nema. A yanke wa kwantiragi wa'adi a doka, wanda ya cika shi a ba shi lamba ba tare da ya san kowa ba. Kafin nan, ran da albashi ya faɗo, pekil ya faɗo tare da shi. Mai gidan hayata ranar 5 ga wata yake ƙwanƙwasa ƙofa.