LAFIYA UWAR JIKI: Wai Burodi Ma Ya Zama Abin Gudu?

Yau ba zancen rawa da waƙa za mu yi ba, zancen ciki ne.

Kun dai san halinmu. Jaruma ta yi ɗaurin ɗankwali yau, gobe duk 'yan matan unguwa sun ɗauka. To yanzu yayin ya shigo cikin kwano. Taurarin Amurka irin su Gwyneth Paltrow sun daɗe suna tallar barin cin gulutin, har ƙanwata ta ce ta yi sallama da burodi don ta zama siririya kamar 'yar fim. Ita da ba ta shan shayi sai da rabin burodi!

Shi gulutin ɗin nan furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir, shi ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Ke nan yana cikin burodi, taliya, gurasa, fanke da alkaki. Yawancinmu ba ya yi mana komai, kuma barinsa ba maganin ƙiba ba ne.

Amma fa akwai waɗanda ba wasa. Masu cutar siliyak, kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, da sun ci sai garkuwar jikinsu ta far wa ƙaramin hanji, abinci ya daina amfanar jiki. Sai gudawa, kumburin ciki, ƙarancin jini, yaro kuwa ya ƙi girma. Jennifer Esposito, wadda ta fito a fim ɗin Crash na 2004, tana da ita, har littafi ta rubuta a 2014 kan wahalar da ta sha kafin a gano. Irinsu barin alkama dole ne, har ƙarshen rayuwa. Akwai kuma waɗanda alkama ke sa wa borin jini, su ma sai a kiyaye.

In kina zargin kina da ita, don Allah kada ki daina cin alkama kafin ki ga likita. Gwajin jini ake farawa da shi, kuma in kin riga kin bari, gwajin zai iya nuna lafiya lau alhali cutar na nan.

In kuwa ta tabbata, an yi mana gata: gero, dawa, masara, shinkafa, acca da rogo duk babu gulutin. Sai dai a tambayi mai ɗanwake, don wasu na zuba fulawa.

Ƙanwar tawa dai kwana uku ta yi, ran na huɗu na kama ta wajen mai gurasa. Sai wata mai zuwa.