Katanga Ta Tsare Sito, Wa Ya Tsare Lissafi?

Mai masana'anta, da kai nake, ko a Sharaɗa kake, ko Challawa, ko Bompai. Ka ja katanga, ka ɗora mata waya, ka zuba masu gadi dare da rana don kada a sace buhun roba ko ɗaurin fata. Amma sunayen dilolin da kake bi bashi, da albashin ma'aikata, da takardun kwastan da na haraji, duk ka jibge su a kwamfuta guda a ofishin akanta. Wannan sakaci ne, kuma naka ne, ba na akanta ba.

Kada ka ce akwai filashi a durowa. Wutar da za ta ci kwamfutar ita za ta ci durowar. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ba ta tsaya bambance haja da littafin bashi ba.

A Yunin 2017 wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta durƙusar da kwamfutocin Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa, aka yi asarar kusan dala miliyan 300. Wata kwamfuta guda ta ofishinsu na Gana ta taimaka suka farfaɗo, domin an ɗauke wuta lokacin harin, tana kashe. Sa'a ce tsagwaronta. Kai ma jira kake ɗaukewar wuta ta cece ka?

Mafi takaici shi ne wanda ya biya kuɗin ajiyar intanet, ya saka manhajar, sannan ya watsar da saitinta. Buɗe Google Drive ko OneDrive kawai ba ya tsare komai. In fayil ya lalace a ofis, gurɓataccen ne zai hau can, sai dai in ana adana tsoffin kwafi.

Aikin bai fi wuni guda ba. Zaɓi fayilolin da in babu su kamfani ya tsaya. Sa su riƙa hawa da kansu kullum, a lokacin da janareto ke aiki, ba tsakar dare da ofis ke cikin duhu ba. Kwafi ya zama 3, ɗaya nesa da harabar masana'anta. Kalmar sirri kada ta zauna a kan yaro guda da zai iya ajiye aiki gobe, asusun kuma ya kasance da sunan kamfani. Sannan duk wata a sauko da fayil a buɗe a gani. Ajiyar da ba a taɓa gwada ɗaukowa ba, zato ce kawai.

Kana sayen gas na miliyoyi, kuɗin data ne zai gagare ka? Ɗaruruwan gidaje na cin tuwo daga wannan lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe da safe ka kira akanta, ka kashe kwamfutarsa, ka ce ya kawo maka lissafin jiya. Abin da ya kasa kawowa, ka ɗauka ya riga ya ƙone.